Yadda ake ɗinka bargon jariri da kayan wasa masu laushi a gida

Duk abin da kika ɗinka wa jariri, wuri biyu ne ba makawa sai ya je: bakinsa da bahon wanki. Zai tsotsi gefen bargo, ya yi masa tumbiɗi, fitsari ya zarce ya jiƙa shi, a wanke, a shanya, gobe a sake. Saboda haka tun kafin a zo maganar kala da ado, tambaya biyu za ki yi wa kowane ƙyalle da kika ɗauka. Zai jure wanki kullum? Akwai wani abu a jikinsa da zai ɓalle ya shige maƙogwaro? In kika tsare waɗannan, sauran aikin miƙaƙƙen ɗinki ne, wanda ko wadda ta fara taka keke watan jiya za ta iya. Da allurar hannu ma yana yiwuwa, lokaci kawai zai ci.

A nan Jos akwai wani abu ƙari. Garin yana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, sanyin Disamba da Janairu kuwa ba sai an ba kowa labari ba. Ga na Yuli da Agusta, mai zuwa da ruwa ba ƙaƙƙautawa, lokacin da shanya ke kwana a igiya ba ta bushe ba. Shi ya sa kowa ke kai wa mai jego jibgegen bargon nan mai gashi da ke zuwa cikin jaka mai zif. Yana da kyau a cikin kayan barka, ba musu. Amma ya yi wa jariri nauyi, yana tara zafi, kuma ranar da aka wanke shi da damina sai an nemi wani abin rufa. Barguna biyu ko uku marasa kauri sun fi shi amfani: a ƙara idan sanyi ya sauko da asuba, a rage idan rana ta ɗaga, ɗaya yana igiya ɗaya yana aiki. Irinsu za mu ɗinka.

Yadin da za ki nema

Auduga zalla ita ce ta farko. Tana shan gumi, tana barin iska ta ratsa, tana jure ruwan zafi da guga. Ɓangaren da zai taɓa fatar yaro, filanel ya fi, wato yadin audugan nan mai ɗan gashi-gashi da ake ɗinka kayan barci da shi. Na waje kuma kowane kotin mai laushi zai yi.

Shagunan yadi na kewayen Taminus, inda 'yan kasuwa suka bazu tun bayan gobarar babbar kasuwa a 2002, ba a rasa kotin a cikinsu. Amma filanel mai kyau, sau da yawa a wurin 'yan gwanjo na kasuwar Katako ake tsintarsa, cikin zannuwan gado da rigunan filo. Zanin gado guda yana fitar da bargo biyu, har ragowa ta saura ta kayan wasa, kuma ya riga ya sha wanki, ya gama tsukewar da zai yi. Ki ɗaga shi a haske ki duba tsakiya, nan ne yake fara cinyewa. In kina hango rana ta cikinsa, ki yanki gefuna ki bar tsakiyar.

Kowane mai shago zai ce miki yadinsa kotin ne. Ba sai kun yi musu ba. Ki ce, "Alhaji, a ɗan yanko mini baki in gwada," ki zaro 'yan zaruruwa, ki fita waje ki kusanta musu ashana a kan faranti. Auduga tana kamawa ta ci, warinta na ƙonanniyar takarda, tokar kuma in kin murza sai ta zama gari. Yadin roba yana tsukewa ya narke, ya bar baƙin dunƙule mai tauri. Wannan narkewar ita ce dalilin da ya sa ba na son yadin roba mai laushin nan a ɗakin mai jego, inda ba a raba shi da kaskon gawayi da tukunyar ruwan zafi. Tartsatsi ɗaya zai huda shi, in kuma ya kama, manne wa fata yake yi.

Atamfa fa? Tana yi, amma tsohon zanin da ya sha wanki ya fi sabon turmi. Sabuwa tana da tauri, wata kuma tana zuba. Ki jiƙa gefenta ki murza da farin ƙyalle. In ya ɗauki kala, to bakin yaro ma zai ɗauka. Leshi, shadda mai rini, da duk wani yadi mai duwatsu ko ƙyalƙyali, a bar wa uwar ta yi fitar suna da su.

Sauran kayan aiki ba su da yawa: almakashi mai kaifi, tef, alli, fil, zare mai ƙarfi, kwali na yanka samfuri, da dutsen guga. A keke, ko Butterfly ce ko Singer, ki sa sabuwar allura lamba 14, ko lamba 16 in shafi uku za ki haɗa. Gugan nan kada ki raina shi. Rabin kyan ɗinki daga wurinsa yake fitowa.

Kafin almakashi ya taɓa komai, ki wanke duk yadin da ruwan ɗumi da sabulu marar turare, ki ɗauraye sosai, ki shanya, ki goge. Sabon filanel yana tsukewa fiye da kotin. In kika haɗa su ba wanki, wankin farko zai sa ɗaya ya ja ɗaya, bargon ya murɗe, kuma ba gugar da za ta miƙar da shi. Don haka in sabo za ki saya, ki karɓi yadi ɗaya da kwata na kowane, ba yadi ɗaya cif ba.

Bargo mai shafi biyu

Girman da ya fi dacewa shi ne inci 36 kowane gefe, wato yadi ɗaya murabba'i, ko 36 da 40 in kina so ya daɗe yana yi wa yaro. Fiye da haka sai ya zama kaya, yana jan ƙasa in an rufa a kan goyo.

Ki fara da yanke bakin yadin, wannan siririn layin mai tauri da ake rubuta sunan kamfani a jikinsa. Saƙarsa ta fi ta sauran matsewa, in aka bar shi zai tattare ɗinki. Sannan ki shimfiɗa a ƙasa ko a kan tebur, ki auna, ki ja layi da alli. Don ki tabbatar kusurwoyin sun miƙe, ki auna daga wannan kusurwa zuwa wadda ke can tsallake, ki sake auna ɗaya tsallaken. In awon biyu ya zo ɗaya, kin dace. In ya bambanta, ki gyara yanzu, domin karkatar da aka bari a yanka ba ta gyaruwa a keke.

Ki shimfiɗa na wajen fuskarsa tana sama, ki kifa filanel a kai fuskarsa tana ƙasa, fuska da fuska ke nan. Ki shafe da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe har ya kwanta. Ki soka fil kewaye, tazarar yatsu huɗu tsakanin kowane. Ki ƙirga fil ɗin da kika sa. A ƙarshe ki ƙirga wanda kika cire, lissafi ya zo daidai. A kayan jariri wannan ba fitina ba ce.

Kusurwa mai lanƙwasa ta fi mai tsini sauƙin juyawa, kuma ba ta saurin cinyewa. Ki ɗora ƙaramin faranti a kowace kusurwa, ki zagaya gefensa da alli, ki yanke.

Yanzu ɗinki. Ki bar rabin inci daga baki, ki fara daga tsakiyar gefe ɗaya, ba daga kusurwa ba. Ki kewaye duka, amma ki tsaya saura inci 6 ki isa inda kika fara. Wannan ƙofar ce za ki juyo bargon ta ciki. A farkon ɗinki da ƙarshensa ki koma baya sau biyu ki ɗaure, domin wurin zai sha ja. A lanƙwasa ki rage gudu, kina juya yadin a hankali. Idan filanel ɗin yana zamewa yana riga ɗan'uwansa, ki sa shi a ƙasa, haƙoran keke su riƙa jansa.

Kafin ki juya, ki ɗauki almakashi ki ɗan fiffige baki a kowace lanƙwasa, ƙananan yanka uku ko huɗu masu siffar V, ki tsaya kafin zare. In ba ki yi ba, yadin da ya taru a ciki zai yi tudu. Sai ki zura hannu ta ƙofar, ki kamo kusurwa mafi nisa ki jawo. Ki bi gefuna da bayan cokali ta ciki kina turo su waje. Ki goge, kina murza bakin da yatsu har layin ɗinkin ya zauna daidai a gefe, bai leƙa gaba ba bai leƙa baya ba. Bakin ƙofar ki kalmashe shi ciki rabin inci, ki danne da guga.

Sai ɗinkin sama. Kwata inci daga baki, ki kewaye bargon gaba ɗaya. Shi zai rufe ƙofar, ya kuma hana gefuna birkicewa.

A nan mutane da yawa suke tsayawa, alhali saura abu guda. Bargon da gefensa kaɗai aka ɗinke buhu ne. Wanki biyu, shafin ciki zai rabu da na waje ya riƙa kumbura, yaro ya cusa ƙafa ya tattare shi. Dole a haɗe tsakiya. Ki ja layuka da alli, tazarar inci 6 zuwa 8, a tsaye da kwance, ko a karkace in kina son ado. Ki sa fil, ki fara ɗinka layin tsakiya, ki riƙa fita zuwa gefe, kuma duk layukan ki taka su daga ɓangare ɗaya, kada wannan ya tafi gabas wancan ya dawo yamma, yadi zai murɗe. Ki ɗan buɗe tsawon ɗinkin zuwa milimita 3. Duk jelar zare ki ɗaure ki yanke ƙut. Zare mai tsawo yana naɗe yatsan jariri ko ɗan yatsan ƙafa ya hana jini wucewa, kuma ba lallai a lura da wuri ba.

In na hunturu kike so, ki ƙara shafi ɗaya na filanel a tsakiya. Jerin shimfiɗar ne kawai zai canza: na tsakiya a ƙasa, na waje a kansa fuska sama, na ciki a kife a bisa. Idan kin zo juyawa, ki zura hannu tsakanin biyun da suke fuska da fuska. Kada ki sa soso ko faiba mai kauri, wato farar nan ta cikin filo, a bargon jariri. Shafi uku na auduga ya isa sanyin Jos, in an haɗa da kayan jiki masu dogon hannu da safa.

Na ƙyallaye

Wannan shi na fi so, kuma kusan kyauta yake tashi. Duk shagon tela yana share ƙyallaye kowace yamma, balle gab da salla ko Kirsimeti. Ki ce, "Malam, don Allah a tara mini na atamfa da kotin, masu faɗin tafin hannu zuwa sama." Ki haɗa da tsofaffin zannuwan gida. Akwai daɗi a ce yaro yana kwance a kan zanin kakarsa da na gwaggonsa.

Ki ware na auduga, ki zubar da na roba da masu talewa. Ki wanke, masu duhu daban. Ki yanka kwali murabba'i inci 6 kowane gefe, ki riƙa ɗorawa kina zagayawa kina yankewa, gefen kwalin yana bin tsayin saƙar yadin, ba a karkace ba. Guda 49 kike buƙata, layi 7 mai ɗauke da 7. Lissafin shi ne: kowane guda zai rasa rabin inci ta kowane gefe, ya koma inci 5, sau 7 ya ba da 35, da ragowar bakin waje ya zama 36, daidai da shafin cikinki. In mai tsawo kike so, guda 56, layi 8.

Ki jera su a kan tabarma ki ja baya ki kalla. Kada masu duhu su taru wuri ɗaya. In kalolin sun yi hayaniya, ki raba su da fari ko ruwan madara, ɗaya mai zane ɗaya marar zane. Ki ɗauki hoto da waya kafin ki kwashe, don da kin fara ɗinki jerin zai rikice miki.

Ki ɗinka layi-layi, kuma rabin incin nan kada ya motsa ko kaɗan. Ki manna tef a jikin keke ya zama miki ma'auni. Idan kin gama layukan, ki kwantar da bakunan ɗinki da guga, na layin farko duk su kalli dama, na biyu hagu, na uku dama. Da kin zo haɗa layi da layi, za ki ji mahaɗun suna shiga juna a ƙarƙashin yatsanki, kusurwoyi su haɗu cif, kuma allura ba za ta hau tudu ta karye ba. Ki sa fil a kowace mahaɗa. Daga nan sai ki ɗauke shi a matsayin yadin waje, ki bi matakan can na sama. Wurin haɗe tsakiya ba sai kin ja alli ba, ki bi gefen mahaɗun.

Mai ɗinkin hannu kuma, ɗinkin komawa baya za ta yi: allura ta fito gaba, ta koma ta shiga inda na baya ya ƙare, ta sake fitowa gaba. Zare riɓi biyu, tsawonsa kada ya wuce kamu ɗaya da rabi, a goga shi a jikin kyandir don kada ya harɗe. Taku takwas zuwa goma a kowane inci.

Abin wasa: a fara da kifi

Kafin ki zana komai, ki san gidan da za ki kai. Wasu gidajen ba sa son abu mai siffar rai da fuska, wasu ba ruwansu. Tambayar uwar yaron ba ta cin komai. In ba sa so, tauraro, jinjirin wata ko ƙwallo duk hanyar ɗinkinsu ɗaya ce da wadda za ki gani yanzu, yaron kuma ba ya tambayar ina ido. A watannin farko ma abin da ya fi jan idon jariri shi ne kaloli masu bambanci sosai, baƙi da fari, ja da fari.

Na zaɓi kifi ne don ba shi da hannu ko ƙafa da za a tsinke. Ki zana a kwali, tsawo inci 8, faɗin ciki inci 4 da rabi. Inda jela ta haɗu da jiki kada ya gaza inci 2, in ba haka ba juyawa za ta gagara. Ki yanke kwalin.

Ido shi ne na farko, tun yadi yana shimfiɗe. Ki ɗora kwalin, ki sa alamar inda ido zai zauna, ki cike shi da zaren aiki irin na masu ɗinkin hula, taku kusa da taku, ƙulli yana ta baya. Ba maɓalli, ba tsakiya, ba dutsen ado, ba idon roban nan da ake mannawa da gam. Wannan ba shi da sassauci ga yaron da bai kai shekara 3 ba. A Amurka da Turai akwai ɗan bututun gwaji mai faɗin santimita 3.17, duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ana ɗaukarsa abin shaƙewa ne ga yaro ƙasa da wannan shekarun. A gida kwalin tsakiyar tishu zai yi miki wannan aikin: abin da ya wuce ta cikinsa bai dace da hannun jariri ba. Igiya ko ribon kuma kada ya wuce santimita 22, kuma rashin sa shi ma ya fi.

Ki haɗa ƙyalle biyu fuska da fuska, ki ɗora kwalin a baya ki zagaya da alli ko fensir. Kada ki yanke tukuna. Ki ɗinka a kan layin nan sak, tsawon ɗinki milimita 2, ki bar ƙofar inci 2 da rabi ta wajen tumbin kifin, inda layin ya fi miƙewa. Ki sake bin ɗinkin karo na biyu a kan na farko. Sai yanzu za ki yanke, kina barin kwata inci, a bakin ƙofa kuma rabin inci. Ɗinki kafin yanka ya fi sauƙi ƙwarai a ƙananan abubuwa, saboda kina da wurin riƙewa kuma keke ba ya haɗiye baki.

Ki tsattsaga bakin a lanƙwasa. A lungun da jela ta haɗu da jiki ki tsaga har dab da zare, amma kada ki taɓa shi. Tsinin jela ki datse. Ki juya, ki tura lunguna da bayan fensir, ba da bakin almakashi ba.

Abin cusawa yana buƙatar magana. Faiba, farar nan da ake cika filo da ita, ita ta fi, domin tana wankuwa ta bushe da wuri ta koma yadda take. Ana samu wurin masu filo da masu kujeru, ko ki farke sabon filo. Audugar rimi da aka saba cika matashi da ita tana da laushi, sai dai ba ta son wanki, tana dunƙulewa, kuma wuta tana kama ta nan da nan. Auduga ta gona tana shan ruwa ta daɗe ba ta bushe ba, da damina sai ta yi fumfuna a ciki ba ki sani ba. Guntayen soso suna marmashewa. Shinkafa, wake, tsakuwa, ko 'yar kwalba mai duwatsu don abin ya riƙa kacau-kacau, duk ban yarda da su ba. Ranar da ɗinki ya saki, a bakin yaro za su ƙare.

Ki riƙa tsinko faibar kaɗan-kaɗan, kina yagawa ta yi sako-sako kafin ki tura. Jela da farko, sai kai, sai ciki. In kika cusa da yawa lokaci guda zai yi ƙulu-ƙulu. Kada ya yi tauri. Hannun ɗan wata huɗu ya iya damƙarsa ya lotsa.

Rufe ƙofa da hannu ake yi, da ɗinkin ɓoye. Ki kalmashe bakunan ciki su fuskanci juna. Zare riɓi biyu, ki ɓoye ƙullin a cikin kalmasar. Ki shigar da allura cikin kalmasar wancan ɓangaren daidai inda zaren ya fito, ta yi 'yar tafiya a ciki ta fito, ki tsallako wannan ɓangaren ki yi haka. Bayan taku huɗu ko biyar ki ja zaren, za ki ga bakin ya haɗe zaren ya ɓace. Ki kai ƙarshe, ki dawo ki sake bi. Ki ƙulla, ki soka allurar cikin kifin ta fito can nesa, ki ja ki yanke, jelar zaren ta koma ciki.

Sai gwaji. Ki kama kai da jela ki ja da ƙarfin gaske, ki murɗa, ki matsa kowane gefe kina neman faiba mai leƙowa ko fil da ya ɓuya. Abin da bai jure hannunki ba, ba zai jure dasashin mai fitar da haƙori ba.

Ƙwallo kuma ta fi dacewa da mai koyon rarrafe. Yanka shida ne, kowane da siffar ɓarin lemo. A kwali ki ja layi inci 6, ki gitta masa wani na inci 2 a tsakiya, ki haɗa bakunan da lanƙwasa ta kowane gefe. Ki zagaya a yadi, ki ƙara kwata inci, ki yanka shida masu kala daban-daban. Ki haɗa uku su zama rabi, ki haɗa sauran ukun, kina tsayawa daidai kan tsini ba ki zarce cikin baki ba. Sannan ki kifa rabi cikin rabi ki kewaye, ki bar ƙofa. Za ta fito da faɗin kusan inci 4, ta fi ƙarfin baki nesa. In tsinayen ba su haɗu da kyau ba, ki yanka ɗan da'ira ki kalmashe ki ɗinke a kai.

Inda bargo da abin wasa ba sa zuwa

Wannan ɓangaren ki faɗa wa uwar da bakinki ranar da kika kai mata. Shawarar ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ita ce, har jariri ya cika shekara 1, a kwantar da shi rigingine a kan shimfiɗa mai tauri, ba filo, ba 'yar tsana, ba sakakken bargo a kusa da shi. A Ingila, inda ake yarda da bargo marar nauyi, sharaɗin shi ne ƙafafun yaro su kai ƙarshen gadon, bargon kada ya wuce kafaɗa, a cusa gefunansa ƙarƙashin katifa. Dalilin ɗaya ne: ƙaramin jariri ba ya iya ture abin da ya rufe masa hanci. A gidajenmu da yawanci yaro yake kwana kusa da uwa, bargon manya da filo su ne abin nesantawa. Kifi da ƙwallo na lokacin da ido biyu yake ne, wani babba yana wurin.

In an rufa bargo a kan goyo, za a tafi awo ko rigakafi da sanyin safiya, a bar fuska a buɗe. Don a san ko ya ji ɗumi, a taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa, ba tafin hannu ba, wanda kusan kullum da ɗan sanyinsa. In ƙeya ta jiƙe da gumi, a rage shafi ɗaya. Gawayi kuma kada ya kwana a rufaffen ɗaki komai sanyi. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.

Wanki da sabulu marar ƙamshi, ɗauraya har ruwa ya fito garau, ba bula ba sitaci. Turaren wuta ma a ɗaga wa kayan jariri ƙafa, hayaƙin yana kama yadi ya dame shi a ƙirji. Abin wasa a matse shi cikin tawul, a shanya a rana ana juyawa, kuma kada a yarda da bushewar waje. A matsa tsakiya a kumatu, in da sauran sanyi-sanyi a mayar igiya. Da damina gara a ɗinka biyu a riƙa musanyawa. Bayan kowane wanki a bi ɗinkin da yatsa, musamman wurin da aka rufe da hannu da mahaɗar jela. In ya fara sakin baki, a ɗauke shi daga hannun yaro, a rufe da ɗinkin ɓoye sau biyu kafin a mayar masa.